Farfaɗo da tsohon keken tsere: awo kafin sayayya

A duk shekara dubban mahaya kan hallara a garin Gaiole na ƙasar Italiya domin tseren L'Eroica, wanda aka soma a 1997, inda ake hawa kekuna ƙirar 1987 ko kafin nan.

Mai son farfaɗo da gangar jikin irin wannan keke, babbar matsalarsa ita ce samun feda da sarƙa da giya da za su dace da juna.

Abu na farko shi ne ramin da sandar feda ke ratsawa. Faɗinsa milimita 68 ne a ƙirar Ingila, 70 a ta Italiya, yayin da tsofaffin kekunan Faransa, irin su Peugeot, ke da nasu tsarin ɗauri daban. Tilasta wani cikin wani kan lalata ramin.

Na biyu shi ne tazarar mazaunin tayar baya. Keke mai giya biyar na da milimita 120, mai shida ko bakwai 126, mai takwas zuwa 11 kuwa 130. Ana iya buɗa gangar ƙarfe kaɗan, amma ta alminiyam tana iya tsagewa.

Sai maɓallin sauya giya. Tun 1984 kamfanin Shimano ya fito da mai tafiya daki-daki, wanda galibi ba ya jituwa da kayan Campagnolo. Tsohon maɓalli da ake ja sannu a hankali kuwa yana aiki da kusan kowace giya.

Don haka gangar jiki ce ke zaɓar kayanta. Wanda ya saya kafin ya auna, yana iya saye sau biyu.