Yadda Kodin Ke Sauya Aikin Ƙwaƙwalwa

Ƙwaƙwalwar ɗan'adam tana ƙunshe da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86. Waɗannan ƙwayoyi ba a manne suke da juna ba. Tsakanin kowace da maƙwabciyarta akwai ɗan giɓi wanda ido ba ya iya gani. Idan saƙo ya iso bakin giɓin, sai ƙwayar farko ta saki wani sinadari ɗan aike, ya ƙetara ya sauka a kan makarɓinsa a jikin ƙwaya ta biyu. Kowane ɗan aike da irin makarɓinsa, tamkar mabuɗi da kwaɗon ƙofa. Ta wannan hanya ce ake jin zafi, ko daɗi, ko barci.

A shekarar 1973, Candace Pert da Solomon Snyder na Jami'ar Johns Hopkins a Amurka suka gano cewa ƙwaƙwalwa tana da makarɓai waɗanda mofin da danginsa ke sauka a kansu. Wannan ya ɗaure wa masana kai, domin mofin daga tsiro ake tatso shi. Me zai sa ƙwaƙwalwa ta tanadi ƙofa saboda baƙon mabuɗi? Amsa ta zo a 1975, lokacin da John Hughes da Hans Kosterlitz na Jami'ar Aberdeen suka nuna cewa jiki yana sarrafa nasa sinadaran masu kashe raɗaɗi, wato dangin indofin. Sai dai jiki kaɗan-kaɗan yake sakinsu, kuma nan da nan yake rusa su.

Kodin, wanda ake sakawa cikin wasu magungunan tari, idan ya isa hanta sai ta mayar da wani ɓangarensa mofin. Mofin ɗin ya bi jini zuwa ƙwaƙwalwa, ya mamaye makarɓan indofin, ya daɗe a kansu. A can akwai wasu ƙwayoyi masu sakin sinadarin GABA, waɗanda aikinsu shi ne ja wa ƙwayoyin dofamin linzami. Mofin yana kashe musu kaifi, linzami ya saki, dofamin ya kwarara. Shi kuwa dofamin, shi ne ke koya wa ƙwaƙwalwa cewa abu yana da amfani, a sake neman sa, kamar abinci ga mai yunwa. Don haka ƙwaƙwalwa takan ɗauki kwalbar kodin a matsayin wata bukatar rayuwa.

Da tafiya ta yi nisa, ƙwaƙwalwa takan kare kanta ta hanyar rage ƙarfin makarɓanta. A nan ne kwalba ɗaya ke daina isa, sai biyu, sai uku. Abubuwan da a da ke faranta rai, kamar hira da wasan ƙwallo, su zama lami. Ranar da aka rasa maganin kuwa, sai gumi da gudawa da ciwon gaɓoɓi da rashin barci su taso, mutum ya koma sha domin kawai ya sami sa'ida.

Babban haɗarin yana a tushen ƙwaƙwalwa, inda cibiyar numfashi take. Yawan mofin yana rage numfashi har ya tsaya, musamman idan an haɗa shi da barasa ko ƙwayoyin barci. Tiramol ma a kan waɗannan makarɓai yake sauka, ga shi kuma yana iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. A watan Mayu na 2018 Gwamnatin Tarayyar Nijeriya ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin.

Matasa sun fi shiga haɗari, domin sashen gaba na ƙwaƙwalwa, mai auna sakamako kafin aiki, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. Amma ƙwaƙwalwa tana iya farfaɗowa a hankali bayan an daina sha. Saboda haka ɗalibin da ya faɗa wannan hali, abin da ya fi dacewa shi ne malamai da iyaye su hanzarta kai shi ga likita, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.