Bayan Ungozoma Ta Tafi

A garuruwanmu aikin ungozoma ba ya daɗewa. Ta karɓi haihuwa, ta yanke cibi, ta gyara uwa da jariri, ta ɗauki mayafinta. Lafiyar mai jego kuwa a kwana arba'in ɗin da ke biye ake nemanta. Gwaggo ta tare a gidan, maƙwabciya ta hura wutar ruwan wanka, wata ta dama kunu, idon kaka na kan yarinyar, da ta ga ƙafa ta kumbura ko numfashi na sarƙewa za ta ce a koma asibiti. Likitocin Zariya sun daɗe suna jan kunne a kan yawan kanwa da zafin wuta saboda ciwon zuciya, kuma suna da gaskiya, amma babu wanda ya taɓa cewa a bar mai jego ita kaɗai.

Irin wannan gidan jegon ne alhaji mara lafiya yake bukata a Mina. Ungozoma kam ba a rasa ta ba. Saudiyya na da asibitoci a cikin kwarin, kamar Mina al-Wadi da Mina al-Jisr, hukumar alhazai ta Najeriya, NAHCON, wadda aka kafa da dokar 2006, tana zuwa da nata likitocin, har waɗanda ke kwance a gado ana kwasarsu a motocin asibiti a kai su Arfa ranar 9 ga Zulhajji don kada hajji ya wuce su.

Bayan sallama ne abin ke kwancewa. Dattijo mai ciwon suga ya yanke jiki ya faɗi a hanyar Jamarat, an ƙara masa ruwa, ya farfaɗo, an miƙa masa takarda da ƙwayoyi a leda. Ya fito ya tarar da tantuna sama da 100,000, duk farare, duk kamarsu ɗaya. A ce ma ya gane nasu, wa zai karanta masa takardar? Wa zai hana shi yin allurar insulin ya zauna da yunwa, ko ajiye ta inda zafi zai lalata ta? Washegari bayan zawali, in 'yan tanti suka miƙe za su jifa, shi ma miƙewa zai yi, domin kunya ba za ta bar shi ya zauna ba, balle ya tuna shekarun da ya yi yana tara kuɗin kujera.

A hajjin 2024 zafi a Makka ya kai digiri 51.8, Saudiyya ta ce mutum 1,301 suka rasu, kusan kashi 83 cikin 100 ba su da izinin hajji. Rana ɗaya ce ta doki kowa, amma waɗannan ba su da tantin komawa, ba motar da ke jiransu, ba wanda sunansu ke hannunsa da zai cigita in dare ya yi bai gan su ba. Wannan ne ya fi sosa mini rai.

Addini ma bai bar mara lafiya da nauyinsa shi kaɗai ba. An yarda wanda ya gaza ya wakilta wani ya yi masa jifa, ko da yake a Malikiyya hadaya na hawa kansa. Sai dai ba kowane dattijo ne zai buɗe baki ya roƙa ba. Yana bukatar wanda zai durƙusa kusa da katifarsa ya ce, "Baba, kawo tsakuwarka, ka zauna ka sha ruwa."

Ni a ganina tun a wajen bita ya kamata hukumomin alhazai na jihohi su ƙulla wannan. Duk wanda gwaji ya nuna yana da hawan jini, ko suga, ko shekarunsa sun ja, a haɗa shi da wani mai ƙarfi a jika daga ƙaramar hukumarsu, mace da 'yar'uwarta mace, a rubuta sunan da lambar waya a katin lafiyarsa. In an sallame shi, likitan tawaga ya kira wannan mutumin, ya yi masa bayanin maganin da Hausa, ya faɗa masa alamun da in ya gani zai dawo da shi ba tare da jiran gari ya waye ba.