Jak Ɗin Da Ya Dace Da Tsohuwar Motar Daji

Jama'a, kowa ya san tsohuwar Land Cruiser ita ce jakarmu a wannan sana'a. Ita ke kai mu rugage, ita ke kai mu kara. Amma da yawanmu mun fi kula da injin da taya, mun manta da jak, wanda wasunmu ke kira kirik.

Bara mun ga ishara. Ranar wata Alhamis da asuba mun fito daga daji wajen Dungas za mu kasuwar Maigatari, shanunmu sun riga mu isa tare da masu kora. Sai tayar baya ta fashe cikin rairayi. Da karen mota ya jawo jak, ashe na ƙaramar mota ne! Ya nutse, ya karkace, da ƙyar yaron ya zare hannunsa. Kafin mu sami taimako rana ta yi, manyan masu saye daga kudu sun gama lodi. Tilas muka karyar da shanun.

To, wane jak ya kamata a saya? Irin waɗannan motoci, kamar Land Cruiser samfurin 70 da aka fara ƙerawa a 1984, nauyinsu ya kai wajen tan 2 ba kaya, in an yi lodi ya kai 3. Saboda haka a nemi jak mai aiki da mai, mai siffar kwalba, na tan 4 ko fiye. A ƙarƙashin aksil ake kafa shi, kusa da sifirin, sai taya ta tashi nan da nan.

Amma kada a saya da ka. A sace iskar taya ɗaya a gida, a auna tsakanin ƙasa da aksil. Dole jak ya shiga wurin nan yana a gajarce, kuma ya ɗaga har safaya mai cikakkiyar iska ta shiga. Wani jak ɗin ga ƙarfi, amma tsawo ya hana shi shiga.

Shi kuwa dogon jak na ƙarfe, irin Hi-Lift, amfaninsa fid da mota daga laka ko yashi. A bamba yake kamawa, sai jikin mota ya yi ta tashi, taya tana ƙasa, don sifirin na saki. Kafin ta tashi motar ta yi sama ƙwarai, tana rawa. Wajen saukewa kuma, in hannunsa ya kuɓuce yana iya fasa wa mutum haƙora.

Kada a rabu da katako mai kauri na ɗora jak a kai, don rairayi ba ya riƙe ƙarfe. A ja burkin hannu, a sa giya, a danna weji, a sauke mutane. A sassauta notina tun taya na ƙasa. Kuma kowa ya ja wa yaronsa kunne: ba a shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

A ajiye jak a tsaye, a riƙa duba mansa, kuma kada a zuba masa man burki, yana cinye robobin ciki. Kuɗin jak nagari bai kai na ɗan maraƙi ba. Allah ya kiyaye hanya, ya ba mu kasuwa mai albarka, amin.