Babi na 9: Yadda Zuciya Ke Tona Asirin Ƙwaƙwalwa

Har yau ana samun masu cewa lafiyayyar zuciya ita ce mai bugawa daidai wa daida kamar agogo. Haba! Wannan kuskure ya daɗe fiye da kima. Zuciyar mai lafiya, idan yana zaune a natse, takan ɗan ƙara sauri in ya ja numfashi, ta lafa in ya saki. Tun 1847 Carl Ludwig ya ga haka a jikin kare a Jamus, da na'urar da ya ƙera mai zana hawa da saukar jini. Jijiyar vagus ce ke riƙe da linzamin, tana ja tana sassautawa.

A 1963 Kalsbeek da Ettema a ƙasar Holan suka lura cewa da zarar an ɗora wa mutum aikin da ke cin hankali, wannan saɓanin tazara tsakanin bugu da bugu yakan ragu, ko da yawan bugun a minti bai wani canza ba. Mutum na zaune bai ko motsa ba, amma ga nauyin da ke kansa a rubuce a takarda.

Abin da ya fi burge ni shi ne igiyar daƙiƙa 10. Ƙarfin jini ba ya tsayawa wuri ɗaya. Yakan ɗaga ya sauka kusan kowace daƙiƙa 10, abin da Sigmund Mayer ya bayyana a 1876. Akwai masu gadi a manyan jijiyoyin wuya da na ƙirji: jini ya ɗaga, su sa zuciya ta rage, ya sauka, su sake ta. Mulder da abokan aikinsa a Jami'ar Groningen suka nuna cewa wannan igiya takan ƙanƙance idan mutum ya duƙufa a tunani, jinin kuma ya ɗan hau. Shi ya sa ake auna matuƙa jirgin sama da direbobi da ita. Lissafin rarrabe igiyoyin kuwa, kwamfuta ke yi.

Sai dai masu ɗaura agogon zamani mai auna bugun zuciya su yi hattara. Magana kaɗai na hargitsa numfashi, ta ɓata awon. Goro, kofi, zafin rana, tsoro da shekaru duk suna taɓa shi. Don haka ake gwada mutum da awon kansa na lokacin hutu, sannan a haɗa da abin da ya faɗa da bakinsa a takardar tambayoyi irin NASA-TLX ta 1988.