Gasa Fentin Gari a Kan Harsashin Dalma: Abin da Ya Kamata Ku Sani Game da Zafin Tanderu

A Amurka akwai masu sha'awar harbin gwani da farauta da ke zuba ƙwayar harsashinsu da kansu. Suna narka dalma, su zuba a mazubi, sannan su lulluɓe ƙwayar da wani fenti mai kama da gari, su gasa a ɗan tanderun lantarki. Dokar tarayyar ƙasarsu ta ba su damar yin haka don amfanin kansu. A Najeriya kuwa Dokar Makamai ta 1959 ta haramta ƙera harsashi ba da izinin gwamnati ba. Amma ilimin zafi da ke cikin aikin ya shafi duk mai gasa fenti a kan ƙarfe, don haka ya dace ku san shi.

Mene ne fentin gari?

Fentin da kuka saba gani ruwa ne, ana shafa shi a bar shi ya bushe. Wannan kuwa busasshen gari ne mai laushi kamar hoda, an yi shi da ɗanyen roba da launi. Shi ne kuke gani a jikin firji, injin wanki da kujerun ƙarfe na ofis, mai santsi da wuyar ɓarewa.

Za ku ce, yaya gari zai manne da ƙarfe ba ruwa? Ku tuna wasan 'yan makaranta: a goga biro a gashin kai, a kusanta shi da guntun takarda, sai takardar ta tashi ta manne. Wannan lantarkin gogayya ne ke riƙe garin a jikin dalma na ɗan lokaci. Riƙo ne mai rauni, ko yatsa ya taɓa sai ya goge. Wuta ce ke mayar da shi fenti na dindindin.

Me ya sa ake yi wa harsashi fenti?

Dalma ƙarfe ce mai taushi, har da farce ana iya yi mata zane. Idan ta bi ta cikin bututun bindiga a guje, takan bar dattinta a jikin bututun. An saba shafa mata wani man kakin zuma don rage haka, sai dai man yana hayaƙi kuma yana kama ƙura. Fentin gari yana zama riga tsakanin dalma da bututu, kuma yana rage taɓa dalmar da hannu tsirara. Rigar ba za ta yi amfani ba sai ta gasu daidai.

Wane zafi ake buƙata?

Yawancin irin wannan gari yana nuna ne a kusan digiri 200 na ma'aunin Salshiyas, wato digiri 400 a ma'aunin Faranhait da Amurkawa ke amfani da shi, na tsawon minti 10 zuwa 20. Kowane kamfani yana rubuta nasa adadin a jikin kwali, kuma shi ya kamata a bi.

Abu biyu ne ke faruwa a cikin tanderu. Da farko garin yana narkewa ya malale, ya yi sheƙi. Bayan haka sinadaran cikinsa su sarƙe da juna su zama fata mai tauri wadda ba ta sake narkewa. Mai gaggawa yakan ga sheƙi ya ɗauka an gama, alhali kashi na biyu bai ma kankama ba. Haka kuma ba daga lokacin rufe ƙofa ake fara ƙirga minti ba, sai daga lokacin da ƙarfen kansa ya kai zafin. Dalma tana da nauyi, tire cike da ita yana shanye zafi, ya sauke zafin tanderun na wasu mintuna kafin ya farfaɗo.

Idan zafi ya gaza ko ya wuce fa?

Duk mai tuyar masa ta san wannan. Wuta ta yi kaɗan, masa ta fito ɗanya. Wuta ta yi yawa, baya ya ƙone ciki bai nuna ba. Idan zafi ya gaza, fentin zai fito da kyan gani amma ya riƙa ɓarewa kamar ɓawon gyaɗa. Idan ya wuce, launi ya dushe, fentin ya yi gautsi, daga nan kuma ƙarfen ya fara narkewa.

Tsantsar dalma tana narkewa ne a digiri 327, wanda ke da nisa da 200. Amma masu wannan aiki ba kasafai suke amfani da tsantsarta ba. Suna gauraya ta da kuza da wani ƙarfe mai suna antimoni don ta yi tauri, kuma gaurayen yana fara narkewa tun wajen digiri 240 zuwa 250. Ratar da ke tsakanin gasuwa da lalacewa ke nan ba ta wuce digiri 40 zuwa 50 ba. Mutum zai buɗe ƙofa ya tarar da ƙwayoyin gefen tire lafiya lau, na kusa da wayar wuta sun zube sun zama kamar ɗigon kyandir.

Akwai kuma illar da ido ba ya gani. Wasu kan tsoma ƙwayar cikin ruwan sanyi da zarar ta fito daga mazubi don ta ƙara tauri. Gashi a digiri 200 yana rage wannan taurin idan aka bar ta ta huce a iska.

Me ya sa ba za a dogara da lambar jikin tanderu ba?

Nan ne yawancin kuskure yake. Lambar da ke jikin maɓallin ƙaramin tanderu kintace ce kawai. A ciki akwai wani siririn ƙarfe da ke lanƙwasa idan ya ji zafi ya yanke wuta, in ya huce ya mayar da ita. Don haka zafin yana hawa yana sauka, wani lokaci da digiri gommai. Ban da haka, wayoyin da ke yin ja suna haska zafi kai tsaye kan abin da ke kusa da su, kamar yadda fuskar mai jin ɗumi ke zafi bayansa na sanyi. Tanderu ɗaya, amma gaba da baya, sama da ƙasa, kowanne da zafinsa.

Yaya ake daidaita zafin?

Mataki na farko shi ne sa ma'aunin zafi na daban a daidai inda tire ke zama, a kunna tanderun babu komai, a lura da inda zafin ke kaiwa da inda yake saukowa. A bari ya ɗumama sosai kafin a sa kaya, domin a hawan farko ne ya fi zarcewa. Tanderu mai fanka a ciki ya fi, saboda yana juya iska zafi ya game ko'ina. Kada a cika tire, kada a riƙa buɗe ƙofa.

Masu son daidaito sosai suna haɗa wata 'yar na'ura da ake kira PID. Tana da waya mai jin zafi da ake zurawa cikin tanderu. Maimakon ta jira zafi ya wuce sannan ta yanke, tana lura da saurin hawansa, ta riƙa ba da wuta kaɗan-kaɗan, kamar direban da ke sassauta mai tun kafin ya iso kwana. Da ita zafin kan tsaya cikin 'yan digiri kaɗan.

Bayan an sauke, gwaji biyu ake yi. A buga ƙwaya ɗaya da guduma har ta baje. Idan fentin ya biyo ta bai tsage ba, ya kama. A goga wata da tsumma mai asiton, sinadarin goge jan farce. Idan launi ya fito a tsumman, bai gasu ba.

Nawa abin ke ci, kuma wa ke cikin haɗari?

Ma'aunin zafi shi ne mafi araha a cikin kayan, kuma shi ya fi ceton asara. Na'urar PID ta fi shi tsada, tana kuma buƙatar wanda ya san aikin waya. Ƙananan tanderun suna jan wat 1,200 zuwa 1,800.

Babban farashin yana kan lafiya. Dalma guba ce, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ba a san wani adadinta da ba ya cutarwa ba. Ƙurarta na bin hannu da tufafi ta shiga baki, ta taɓa ƙwaƙwalwar yara da masu ciki. Mun gani a Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu bayan an riƙa niƙa duwatsun zinariya masu dalma a cikin gidaje. Saboda haka aikin waje ne mai iska, nesa da yara, da wanke hannu kafin cin abinci. Tanderun da ya taɓa dalma ko fentin gari ya bar girki ke nan har abada, kada ku yarda ko burodi a ɗumama a cikinsa.