Yadda Fentin Ruwa Ya Adana Kamannin Tsofaffin Majami'un Turai

A birnin Salisbury da ke kudancin Ingila akwai wata babbar majami'a da aka aza harsashinta a 1220, aka keɓe ta don ibada a 1258. Hasumiyarta ta kai mita 123, babu wata majami'a a Birtaniya da ta kai ta tsawo. Masu zane da dama sun zauna a gabanta da takarda da buroshi, kuma fitacce a cikinsu shi ne J.M.W. Turner, wanda wani attajiri mai suna Sir Richard Colt Hoare ya ba aikin zana ta ciki da waje a ƙarshen ƙarni na 18. Da fentin ruwa ya yi aikin.

Fentin ruwa ba wani abu ba ne illa garin launi da aka kwaɓa da ƙaro. Ƙaron nan dai shi ne na itacen dakwara, wanda malamanmu ke zubawa a tawada don ta kama, kuma har yau Sudan da Chadi da Najeriya suna sahun gaba wajen fitar da shi. Idan aka shafa fentin, ruwan ya bushe, sai ƙaron ya riƙe garin launin a jikin takarda, siriri ƙwarai, har farin takardar yana leƙowa ta ƙarƙashinsa. Hasken da ake gani a zanen daga takardar yake fitowa. Shi ya sa wannan fenti ya dace da dutse, domin dutsen gini ba ya tsayawa a kan launi ɗaya. Farin dutsen Salisbury yakan yi ruwan toka da safe, ya koma ruwan zuma idan rana ta yi yamma. Na majami'ar Durham, wadda aka fara gininta a 1093, dutsen yashi ne, ya fi duhu, kuma iska da ruwan sama sun ƙwaƙule fuskarsa.

Aikin yana da tsari. Mai zane zai fara da fensir, ya daidaita ginshiƙai da bakan gizo masu tsini, domin idan layi ɗaya ya karkace, ginin duka zai zama kamar yana shirin faɗuwa. Daga nan sai ya shafa launi mai ruwa-ruwa a kan bangon gaba ɗaya, ya jira ya bushe, ya ƙara wani a wuraren inuwa. Kullum daga haske ake tafiya zuwa duhu. Inda rana ta bugi ginin, takardar ake bari fara, kuma wanda ya rufe wurin da fenti sai dai ya kankare da wuƙa. Ana haɗa shuɗi da jar ƙasa a sami ruwan toka mai rai, wanda garinsa ke kwanciya a ramukan takarda ya ba da tsakuwa-tsakuwar dutse. Buroshi mai ɗan danshi kuwa, idan aka ja shi da sauri a kan takarda mai kaushi, yakan bar zane a tsittsinke irin na bangon da ya sha shekaru. Gwani ba ya ƙirga duwatsu ɗaya bayan ɗaya. Yakan fitar da kaɗan sosai a kusa da ƙofa ko taga, sauran ya bar wa ido ya ƙarasa.

Akwai dalilan da suka sa wannan sana'a ta bunƙasa a Ingila a zamanin Turner. Kamfanin Whatman ya samar da takarda mai jure ruwa da gogewa. William Reeves ya fara sayar da fenti a dunƙule wajen 1781, abin da ya sa mutum ke iya sa kayan aikinsa a aljihu. Yaƙe-yaƙen da aka yi da Faransa daga 1793 zuwa 1815 kuma sun hana masu hali yawon Turai, suka juya ga tsofaffin gine-ginen ƙasarsu. Turner da abokinsa Thomas Girtin, waɗanda aka haifa a shekara ɗaya, 1775, sun bi garuruwa suna zane. Girtin ya zana majami'un Durham da Peterborough kafin ya rasu a 1802 yana da shekara 27. A 1804 aka kafa ƙungiyar masu zanen fentin ruwa a Landan.

Amfanin waɗannan zane-zane ya wuce ado. Tsakanin 1789 da 1792, da sunan gyara, mai tsara gini James Wyatt ya rushe hasumiyar ƙararrawa ta Salisbury da ƙananan ɗakunan ibada biyu. Ba a ƙirƙiro kyamara ba tukuna, don haka zanen hannu ne ya rage shaida. Daga baya wani marubuci mai zane, John Ruskin, ya ga irin wannan ɓarna tana yaɗuwa, ya dinga zana sassaƙen majami'un Rouen da Amiens da gine-ginen Venice dalla-dalla, kafin masu gyara su kankare su. Ra'ayinsa ne ya zaburar da William Morris ya kafa ƙungiyar kare tsofaffin gine-gine a 1877.

Abin da ya adana kamannin dutse shi kansa mai rauni ne, don haske yana kashe launinsa. Shi ya sa wani mai tara zane-zane, Henry Vaughan, ya bar wa gidajen adana zane na Edinburgh da Dublin zane-zanen Turner da sharaɗin a nuna su a watan Janairu kaɗai, lokacin da hasken rana ya fi rauni, kuma har yau ana bin sharaɗin.

Yau kowa na da kyamara a waya, amma masu zane ba su daina zama a gaban waɗannan gine-gine ba, kuma suna da gaskiya. Wanda ya yi wuni yana bin layin tagar da wani magini ya sassaƙa shekara ɗari takwas da suka wuce zai ga inda dutse ya tsage, da inda aka yi faci, da inda ruwa ke bi. Irin wannan kallo na natsuwa shi ne matakin farko na kula da gini, domin sai an ga ɓarna tun tana ƙarama ake tsayar da ita.