Me Ya Hana Gurya Mutuwa da Bazara?

Sa'ad da aka aike ni gwajin koyarwa, a unguwar Fezzan ta Maiduguri aka ba ni masauki. Ran nan ina koya wa 'yan aji biyar darasin tsiro, sai wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, bara babana ya shuka auduga a ƙauye, ruwa ya ɗauke mako uku, duk ta ƙone. Amma guryar da ya shuka ta yi wata bakwai a ƙwarya, ko ɗigon ruwa ba ta sha ba, ba ta kuwa mutu ba. Yaya aka yi haka?" Na yi tsit. A makarantar Mishan an koya mini iri barci yake yi, amma ba a gaya mini abin da ke tsaron mai barcin ba. Na roƙe shi mako guda. Ga abin da na samo, ko zai amfani waninku ranar da tasa tambayar ta zo.

Jikin kowane tsiro an gina shi ne da 'yan ɗakuna ƙanana, waɗanda ba a gani sai da madubin likita. Cikin kowane ɗaki akwai ruwa, akwai kayan aiki da ake kira furotin, akwai kuma ƙwayoyin gado, watau umurnin da tsiro ya gada na yadda zai ƙera kayan nan. Kadan ruwa ya ƙafe, sai kayan su cure wuri ɗaya, bangon ɗakin ya tsage. Mutuwar ke nan.

A shekarar 1981 wani masani a Amurka, Leon Dure, da abokan aikinsa suka lura da wani abu, a cikin gurya kuwa suka gan shi. In gurya ta kusa ƙosawa, kafin ta bushe, sai ta cika ɗakunanta da waɗansu furotin na dabam. Daga baya aka sa musu suna LEA, ma'anarsa abin da ke yawaita a ƙarshen ƙosawar iri. Kun ga yadda mai kai ƙwai kasuwa yake zuba ƙaiƙayi a tsakaninsu don kada su gwabzu? To, aikinsu ke nan. Suna shiga tsakanin sauran kayan su hana su curewa, su da sukarin da ke ciki kuma su daskare kamar gilashi, su riƙe kome a mazauninsa har ruwa ya dawo.

Ƙwayoyin gadon da ke ba da umurnin ƙera su ba guda ba ne, dangi ne babba. A 2018 masana a ƙasar Sin suka ƙirga 242 a jikin audugar da muka fi nomawa. Dalilin yawan nan shi ne ita audugar gadon gida biyu ta ci. Fiye da shekara miliyan ɗaya da ta wuce, audugar daji ta wajen Afirka da Asiya ta haɗu da ta Amurka, 'yar da suka haifa ta riƙe gadon duka biyu.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne dangin nan ba a gurya kaɗai suke aiki ba. In fari ya kama shuka, ko gishiri ya yi yawa a ƙasa, ko sanyi ya tsananta, waɗansunsu sukan farka cikin saiwa da ganye. Sai dai ba su iya mai da ganye ya jure kamar gurya. 'Yan kwanaki kurum suke ƙara wa shuka. Amma ku tambayi manomin Barno, inda damina ba ta cika wuce wata huɗu ba, zai gaya muku darajar kwana biyar tsakanin ruwa da ruwa. Ƙasar nan ta daɗe da auduga, har gabaga, watau ƙyallen saƙi, ya taɓa zama kuɗin ciniki a Barno, ta kuma ɗanɗana farin 1973 da na 1984. Saboda haka sanin dangin nan zai taimaki masu zaɓen iri, irin na Samaru ta Zariya, su gane audugar da ta fi jimiri tun tana ƙarama.

Da na koma aji, muka jiƙa gurya goma har saiwa ta leƙo, muka shanya su kwana uku a rana, sa'an nan muka shuka su tare da busassu goma. Busassun suka tsiro, jiƙaƙƙun ko ɗaya bai tashi ba, gama iri in ya farka ya tsira, ya ajiye garkuwarsa ke nan. Yaron ya dube ni ya ce, "Ashe shi ya sa ba a shuka da yayyafin farko." Na ce ya kai wa babansa labari.

'Yan'uwa, ku gwada wannan a ajinku, gurya da ƙwarya kaɗai yake ci. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.